Yadda za ka sa ruwa da yashi su motsa mitar lantarki

Kayan aikin ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba: guntun bututun roba kamar kamu ɗaya, yashi mai laushi, tiyo biyu, gorar ruwa biyu, waya biyu na ƙarfe iri ɗaya marar tsatsa, sai mitar nan da masu gyaran rediyo ke auna lantarki da ita. In kana Gombe, yashin bakin kogin Gongola ya wadatar.

Ka wanke yashin sosai har ruwan ya fito garau, ka cusa shi a bututun ka danne, ka toshe kowane baki da ƙyalle. Soka waya ɗaya kusa da kowane bakin bututun, ka liƙe wurin kada ya yi yoyo. Haɗa kowane baki da gora ta tiyo, ka cika da ruwan sama, ka kori duk iskar da ta maƙale.

Yanzu haɗa wayoyin biyu da mitar, ka sa ta a kan milibolt, wato ma'aunin ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki, gororin nan suna tsaye daidai da juna. Lambar za ta yi ta yawo. Haƙuri za ka yi har ta natsu, nan ne mai gaggawa ke ɓata aikinsa. Ka rubuta ta. Ɗaga gora ɗaya sama, lambar za ta gusa. Sauke ta ƙasa da ɗayar, ta koma ɗaya ɓangaren. Yi ta ɗagawa da saukewa a hankali, mitar na bin hannunka.

Dalilin kuwa, ƙwayar yashi idan ta jiƙa, fuskarta kan ɗauki caji na nagetif, ta jawo ƙananan ƙwayoyi masu fozitif su jeru kusa da ita. Ruwan da ke ratsawa sai ya kwashe wasunsu ya tara su a inda ya nufa. In ruwan ya juya, su ma su juya. Bajamushe Georg Quincke ne ya fara lura da wannan a 1859, wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Helmholtz ya yi bayaninsa a 1879. Da irin wannan awon ake neman inda ruwa ke sulalewa ta jikin madatsar ƙasa, irin ta Dadin Kowa ko Gubi.

Daga ƙarshe zuba cokalin gishiri a gororin ka maimaita. Motsin zai kusa ɓacewa, domin ruwan gishiri na barin cajin ya koma baya cikin sauƙi kafin ya taru.