Yadda Ake Gyara Zanen Ƙididdiga Idan Ya Rikice a PowerPoint

Duk lokacin da ɗalibai ke kare aikin bincikensu na shekarar ƙarshe, ba a rasa wanda zai buɗe PowerPoint a kwamfutar sashe ya tarar zanen ƙididdigarsa ya ƙi karɓar gyara, ko ginshiƙansa sun kwanta ƙasa, ko rubutun jikinsa ya koma 'yan akwatuna. Nan take sai a ɗora wa bairos laifi. Galibi kuwa matsalar tun daga wajen ɗauko zanen daga Excel ta samo asali.

Fara da danna zanen da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Edit Data. Idan ƙaramin shafin Excel ya buɗe da alƙalumanka, to da sauƙi. Idan kuwa saƙo ya fito cewa ba a sami fayil ɗin da aka haɗa ba, ka kama ɓarawon. Abin da ke faruwa shi ne, in ka kwafo zane daga Excel ka manna da Ctrl+V kawai, PowerPoint ba ya ɗauko alƙaluman su zauna a cikinsa. Adireshin inda fayil ɗin Excel yake a kwamfutarka yake riƙewa, tare da kamannin zanen na ƙarshe. Kamar ka tafi kasuwa da rasit ne ka bar kayan a gida. Muddin kana kan kwamfutarka komai lafiya lau, shi ya sa mutane ba sa ganewa. Ranar da ka zuba fayil ɗin PowerPoint a filas, ko ka tura ta WhatsApp, ko ma ka sauya wa fayil ɗin Excel suna, alaƙar ta yanke.

Idan fayil ɗin Excel yana hannunka, shiga File a PowerPoint, sannan Info, ka nemi Edit Links to Files a ƙasa ta dama. Danna Change Source ka nuna masa inda fayil ɗin yake yanzu, sai Update Now. A wannan taga akwai Break Link, kuma shi hannun masu gaggawa ya fi saurin kaiwa. Kada ka taɓa shi. Zanen zai tsaya a yadda yake, amma ka yi bankwana da gyaran alƙalumansa. Gyara na dindindin shi ne ka koma Excel ka sake kwafowa, wajen mannawa ka danna dama ka zaɓi ɗaya daga cikin zaɓi biyun da ke ɗauke da Embed Workbook. Ni a wurina doka ce: duk abin da zai bar kwamfutata, haka nake manna shi.

Sai dai a kula. Wannan hanya tana cusa littafin Excel ɗin gaba ɗayansa cikin PowerPoint, har da shafukan da ba su shafi zanen ba. Ma'aikacin da ke da shafin albashi a littafi ɗaya, duk wanda ya karɓi fayil ɗin zai iya buɗewa ya karanta. Kwashe alƙaluman da kake buƙata kaɗai zuwa sabon littafi, ka yi zanen daga can. Fayil ɗin ma zai fi sauƙin nauyi, datarka ta huta.

To, a ce Edit Data ya buɗe amma ginshiƙai na kwance a sifili. Duba kusurwar gidajen alƙaluman. Idan ka ga ɗan koren alama mai kusurwa uku, ko lambobin sun jingina hagu maimakon dama, Excel na kallonsu a matsayin rubutu. Mai buga N45,000 da harafin N a gaba shi ya jawo wa kansa. Goge harafin, ka bar 45000 zalla, ka rubuta "Naira" a kan taken zanen. Masu aiki da kwamfuta mai tsarin Faransanci, kamar yawancin ofisoshin Nijar, waƙafi suke sawa a 12,5, don haka in suka buga 12.5 da ɗigo ba lallai a karɓe shi a matsayin lamba ba. Idan kuma alƙaluman wata ɗaya ko biyu ne suka ɓace daga zanen, dubi shuɗin layin da ya kewaye alƙaluman, ka ja kusurwarsa ya rufe sababbin layukan. Layin da aka ɓoye a Excel shi ma ba ya fitowa, sai ka shiga Select Data, Hidden and Empty Cells, ka ba shi izini.

Batun rubutu kuma, ƙ da ɗ da ɓ su ne ke fara zama akwatuna idan salon harafin da ka zaɓa babu shi a ɗaya kwamfutar. Tun 2023 Microsoft ta fara maye gurbin Calibri da Aptos, wanda tsofaffin Office ba su da shi, sai sunayen ƙasan zanen su karkace ko su hau kan juna. Mayar da komai Calibri ko Arial, ko ka shiga File, Options, Save, ka kunna Embed fonts in the file.

Zanuka irin su Waterfall da Treemap da Sunburst a Office 2016 suka shigo, kwamfuta mai 2010 ko 2013 ba za ta nuna su ba. Koma ginshiƙai na gargajiya. Idan zanen na ƙiftawa ko ya yi baƙi a majigi kaɗai, je Options, Advanced, ka sa alama a Disable Slide Show hardware graphics acceleration, ka rufe PowerPoint ka sake buɗewa. In lokaci ya ƙure, kwafi zanen ka manna shi a matsayin Picture, ka ajiye kwafin PDF a filas ɗin, ka gwada shi a wata kwamfuta kafin ranar.