Kula da Shokin But da na Bonet a Motar Jif, da Yadda Ake Canza Su

A Jos, da safiyar hunturu ake gane shokin but ɗin da ya gaji, wato bututun nan mai sanda da ke riƙe ƙofar bayan mota a buɗe. Ka ɗaga ƙofar baya ta ƙi tsayawa, tana saukowa a hankali har ta taɓa ƙeyarka, amma da rana ta yi zafi sai ta tsaya daram. Dalili kuwa, iskar naitirojin ce a matse cikin bututun, tare da ɗan mai da ke jiƙa robar da ke tare ta. Sanyi yana rage ƙarfin iskar da kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 duk saukar digiri 10. Sabon shoki yana jure wannan ragi. Wanda iskarsa ta riga ta zurare shi ne sanyin Disamba ke tona wa asiri.

Ran shokin yana jikin sandar nan mai ƙyalli. Duk rufewa sai ta ratsa ta cikin robar, kuma duk abin da ya manne mata, ƙurar hunturu ko jar ƙasar hanyar ƙauye, da shi za ta ratsa. A riƙa goge ta da tsumma mai laushi. Kada a shafa mata giris ko baƙin mai, ko da bakanike ya ce zai ƙara mata santsi: maiƙo yana kama ƙura, ya koma kamar samfefa yana cin robar. Kada a damƙe ta da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa buɗe wa iska hanya. In mota za ta shiga wurin mai fenti, a naɗe sandar. Idan aka ga mai yana tsattsafowa a wuyan bututun, ko tsatsa a sandar, ko ta lanƙwashe, to canji ya zo.

Wurin saye ne aka fi yin asara. A jikin tsohon akwai lamba da harafin N a ƙarshe, misali 400N ko 600N; ƙarfinsa ke nan. 400N ya kai nauyin kilo 40, shi ya sa danna shi da hannu a shago ba ya nuna komai: ko wanda ya rasa rabin ƙarfinsa zai yi maka tauri. A ɗauki hoton lambar, a auna tsawonsa a buɗe daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar ɗaya kan, ko ma a tafi da tsohon zuwa kasuwar kayan mota ta Dilimi a gwada shi da sabon gefe da gefe. A duba girman ƙwallon da kan ke hawa. Mafi yawa milimita 10 ne, amma akwai na 8 da na 13. Shokin da ya fi ƙarfi ba shi ne ya fi kyau ba. Yana sa ƙofa wuyar rufewa, yana lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe shi, a bonet ma yakan ɗaga gefe ɗaya. Na Beljiyam kuwa, ba ka san shekarunsa ba, kuma iskar tana raguwa ko da a ajiye yake. Sabo daga kamfani irin Stabilus, ko na asalin motar, ya fi kwanciyar hankali.

A canza biyun tare. Sabo ɗaya da tsoho ɗaya suna murɗa ƙofa, sabon kuma ya ɗauki nauyin duka ya mutu da wuri. Wannan ya shafi masu buɗewa sama, irin 4Runner da Pathfinder da rabin ƙofar sama ta Land Cruiser 100 da 200. Mai buɗewa da lantarki tana da nata tsarin, a bar wa masaninta.

Aikin bai wuce na minti 15 ba. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a buɗe ƙofar har ƙarshe, mutum ɗaya ya riƙe ta da hannu biyu, a kuma tokare da katako mai kauri. Kada a raina wannan: da an cire shoki ɗaya, nauyin ƙofar gaba ɗaya yake faɗowa. A bayan kan shokin akwai siririn ƙarfe mai kama shi. A zura ƙaramin sukundireba mai faɗin baki a ɗan ɗaga shi, ba a cire shi gaba ɗaya ba, sannan a ja kan gefe ya fita daga ƙwallon. Wasu motocin noti ne a wurin, sai sufana mai lamba 10 ko 12. A goge ƙwallon, a ɗiga masa ɗan giris (nan kawai ya halatta), a danna sabon kai har a ji ƙas. In tsawon bai kai ba, ƙofar ake ɗan ɗagawa ko saukewa, ba shokin ake matsawa ba.

A lura da yadda tsohon yake fuskanta. Yawanci sandar ce ke kallon ƙasa idan ƙofa tana rufe, don man ya kwanta kan robar. In aka juya shi, robar ta bushe, ƙofa kuma ta riƙa buɗewa da bugu a ƙarshe. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, sannan a buɗe a rufe sau uku ko huɗu man ya zagaya.

Tsohon kada a huda shi, kada a yanka, kada a jefa a wuta, domin har yanzu akwai matsi a ciki kuma yana iya fashewa. In za a ba masu sayen tsohon ƙarfe, a faɗa musu abin da ke cikinsa.