Yadda Ake Tsara Rukunin Gidaje Masu Sauƙin Kuɗi da Ƙarancin Cin Wuta a Kaduna

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulon siminti mai rufin kwano ba silin, a watan Afrilu, bayan an ɗauke wuta, ya san cewa gidan da aka gina da araha yana iya cinye albashin mai shi wajen man janareta. Mafi yawan maganin wannan matsala tun a kan takardar zane ake samun sa, kafin a haƙa fandisho.

Da farko a tantance fili. A tabbatar da takardunsa a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a nemi izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a kuma guji kwari da bakin Kogin Kaduna, inda ambaliya kan ci gidaje da damina.

Daga nan sai fuskar gidaje, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci, alhali ba ya cin ko kwabo. A shimfiɗa kowane layi ta yadda tsawonsa zai miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, domin ranar la'asar da ke bugun bangon yamma ita ce take mai da ɗaki tanda har tsakar dare. A bar wannan ɓangare ga banɗaki ko sito, a rage masa tagogi, a dasa masa darbejiya ko mangwaro. Idan aka haɗa gidaje biyu ko huɗu a jere, bango ɗaya ya raba su, an rage kuɗin bulo, an kuma rage inda rana za ta taɓa.

Mataki na uku shi ne rufi, don ta sama zafi ya fi shigowa. A zaɓi kwano mai haske, a sa silin, a bar ƙananan kafofi masu raga tsakanin silin da kwano domin iska mai zafi ta fice. Bakin rufin ya zarce bango sosai, ya yi wa taga inuwa, ya kuma kare ta daga feshin ruwan sama. Ƙa'idar gini mai tattalin makamashi da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ta ƙarfafa waɗannan abubuwa biyu, wato kare rufi daga zafi da inuwar tagogi.

Batun bango kuwa, bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a gauraya shi da ɗan siminti, ya fi riƙe sanyi da rana, yana kuma ɗumama ɗaki da hunturu, kamar yadda sorayen kakanninmu suke yi. Sai dai a ɗaga tushensa da dutse ko kankare saboda danshi. Kowane ɗaki ya samu tagogi a bango biyu don iska ta ratsa, a kuma bar tsakar gida da 'yar rumfa, inda uwargida za ta yi girki, yara su sha iska.

Sai bayan an gama waɗannan ake maganar sola. Gidan da ba ya tara zafi, fanka da ƙwayayen fitila na LED marasa cin wuta sosai sun ishe shi, don haka ƙaramin faifai da batir ɗaya za su ɗauke shi. Rijiyar burtsatse guda mai famfon sola da tanki a sama za ta wadaci layi sukutum, muddin mazauna sun amince tun farko kan kuɗin gyara da wanda zai riƙe shi.