Haɗa lakar masai da sauran shara don samar da iskar gas

Lakar da ake kwasowa daga sokawe ko matatar ruwan ƙazanta ba ta ba da gas da yawa ita kaɗai, domin naitirojin ya yi mata yawa, kabon kuma ya yi kaɗan. Bakteriyar da ke yin gas ɗin tana son kabon ya ninka naitirojin sau 20 zuwa 30, a laka kuwa da ƙyar yake wuce sau 10. Shi ya sa ake haɗa ta da ragowar abinci, ɓawon kayan marmari na kasuwa da abin cikin tumbi daga kwata.

A tsince leda, yashi da ƙashi, a daddatsa sauran ƙanana, a dama da ruwa har kaurinsa ya yi kamar kunu, wato busasshen abu kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Ɗanyen kashin shanu ake fara zubawa a rufaffen tankin da ake yin gas ɗin don ya kawo bakteriyar. A saki gas ɗin farko ya tafi, kada a kunna shi, don gauraye yake da iska, yana iya fashewa.

Zafin da ake so digiri 35 zuwa 37 ne, kayan kuma su yi kwana 20 zuwa 30 a ciki. Tankin da ke cin lita 10,000, a lissafin kwana 30, lita 330 zai sha kullum. Da hunturu gas kan ragu, sai a lulluɓe tankin.

Yawancin ɓarna daga gaggawa take zuwa. Ragowar abinci na saurin tsami. A fara da shi kashi 1 cikin 10 na abin da ake zubawa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har kashi 3. In aka labta da yawa, pH, wato ma'aunin tsami, ya faɗi ƙasa da 6.5, bakteriyar da ke yin metan, iskar da ke kama wuta, ta tsaya, gas ya ƙi kama wuta. A daina zubi na ƴan kwanaki, a sa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan har ya koma wajen 7. Maiƙo na ƙara gas sosai, amma in ya yi yawa kumfa yake yi ya toshe bututu.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai alamar salfa ce, sai a bi da gas ɗin ta cikin soson ƙarfe mai tsatsa, a sa matarar ruwa a inda bututun ya fi ƙasa. Kada a karɓi laka daga masana'antun jima, akwai kuromiyam a ciki, wani sinadari mai guba.

Abin da ya fito daga tankin taki ne, sai dai zafin digiri 35 ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki. A dafa shi a digiri 70 na awa ɗaya kafin ya je gonar kayan lambu.