Maganaɗisu kafin ka ɗura harsashi a tsohuwar bindiga

Mafarautanmu na Daura, in bindigarka irin dabul barel ɗin nan ce mai bututu biyu ta gado, ka riƙa yawo da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa.

Kara shi jikin robar harsashin. Ya manne? Ƙwayoyin da ke ciki na ƙarfe ne ba na dalma ba, kar ka harba. Dalma bata kamawa.

Dalma taushi gareta, tana lotsewa ta wuce, ƙarfe kuwa baya lotsewa, sai ya kankare cikin bututun ko ya kumbura shi wajen baki inda ya tsuke, gyaran nan kuma wallahi ba arha.

Amma kar ka gwada a gindin harsashin, yawanci ƙarfe ne aka shafa mashi ruwan tagulla, zai kama ya ruɗe ka.

Masu sake cika kwanso da hannu kuma, awon albarushin dalma baya yi ma ƙarfe, don Allah kar a musanya.