Yadda za ka gane ko sayen jirgin ruwa na shaƙatawa ya fi maka ko haya

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san ba a wurin saye wahalar take ba, tana wurin harawa da dusa da mai kula da shi. Jiragen shaƙatawan da ke jere a Dubai Marina ko tashar Monako haka suke, sai dai cinsu ya fi na doki nesa ba kusa ba.

Fara da kalanda. Mako nawa za ka iya barin kasuwa ka zauna a kan ruwa? A Bahar Rum, Yuli da Agusta ne ganiyar lokaci. A tsibiran Karibiyan kuwa daga Disamba zuwa Afrilu. Cire azumi idan ya faɗo ciki, cire jiran biza, ka rubuta abin da ya saura.

Sai lissafin ɗawainiya. Dillalai kan ƙiyasta cewa jirgi yana cin kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa duk shekara: albashin kyaftin da ma'aikata, inshora, kuɗin wurin ɗaure shi, mai, fenti da gyaran inji. A ce ka saya Yuro miliyan 2. Dubu 200 ke nan duk shekara, ko ka hau ko ba ka hau ba, ga daraja tana sauka.

Haya ma kada farashin talla ya ruɗe ka. A yarjejeniyar haya ta MYBA, wato ƙungiyar dillalan irin waɗannan jirage, wadda aka fi amfani da ita a Bahar Rum, rabin kuɗi ake bayarwa ranar sa hannu. Akwai kuma APA, wato kuɗin hidima da ake bayarwa kafin tafiya, wajen kashi 30 cikin 100 na kuɗin hayar a kai, na mai da cefane da kuɗin tashoshi. Kyaftin ke riƙewa, ranar sauka ya kawo maka rasit da canjinka, ko ka cika. Ga haraji, ga tukuicin ma'aikata na kashi 5 zuwa 15. Jirgin da aka ce dubu 40 a mako, ka ɗauka dubu 60 ne. Raba 200 da 60: mako uku da 'yan kwanaki. Idan makonninka ba su haura haka sosai ba, ni dai haya zan ce maka.

Mai babban iyali ya lura, yawancin jiragen haya ba sa ɗaukar baƙi fiye da 12. Kafin tafiya za a aiko maka takardar abin da kake so. A nan za ka rubuta naman halal, kuma kada a loda giya.

Idan har zuciya ta nace sai saye, yi hayar irinsa na mako guda tukuna. In ya kwanta maka, ɗauko ƙwararren mai duba jirgi da kuɗinka, ba wanda dillali ya kawo ba. A ɗaga jirgin daga ruwa ya duba ƙasansa, sannan ku fita teku tare a murɗa inji har ƙarshe, kana tsaye kana saurare.