Yadda ake lallashin kyanwar da ta firgita har ta dawo cikin mutane

Kyanwar da aka watsa wa ruwan zafi don ta ɗauke ɗan tsako, da wadda yara suka rutsa a lungu suka yi ta jifa, da wadda aka ɗauro cikin buhu a bayan babur aka zazzage ta a gidan da ba ta sani ba, duk hali guda suke shiga. Za ta samu ƙarƙashin rumbu ko bayan buhunan gero ta lafe, ba a ganinta sai dare ya raba, in ma an gan ta to wulgawa ce. Waɗanda na ga sun yi ƙoƙarin ceto irin wannan dabba a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa kusan dukansu masu tausayi ne. Abin da ke rusa musu aiki shi ne hannu. Suna so su shafa ta tun ita ba ta yarda ba.

Ka fara raba tsoro da ciwo

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, mai rauni da mai tsoro duk ɓuya suke yi. Ka leƙa ta daga nesa da rana, ba tare da ka dallare mata ido da tocila ba. Tana ɗingishi? Akwai ƙuna ko kumburi, ko ƙudaje na bin wani waje a jikinta? Da baki a buɗe take numfashi? Muzuru ne da ke ta tsugunawa yana nishi, fitsari ya ƙi fitowa? Wannan duk aikin malamin dabbobi ne, kuma na ƙarshen nan yana kashe muzuru cikin kwana biyu ko uku in an yi sake. In an zuba shinkafar ɓera a gidan ko a maƙwabta kwanan nan, ka faɗa wa malamin tun bai tambaya ba.

Wadda kuma jiya-jiya take kwana a ƙafar mutane, yau ta rikiɗe haka kawai, yawu na dalala, tana tangaɗi, tana kai cizo ga duk abin da ya gifta, kada kowa ya kusance ta. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa da buta har minti 15, a nufi asibiti a ranar.

Don Allah kada a jefa mata farasitamol. Shi ne ke kusa da hannu a kowane gida, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe ta.

Wurin ɓuya da abinci

In ka tabbata tsoro ne zalla, ka samar mata ɗaki guda mai ƙofa, nesa da turmi da madafi da inda yara ke guje-guje. Kunnenta yana kama sautin da namu ba ya ji, dakan safe da muka saba da shi ita razana ta yake yi. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano, balle a bazara da zafi kan haura digiri 40. Amma ban da wanda aka yayyafa fiya-fiya, ban da wanda aka jibge buhunan wake masu ƙwayar maganin ƙwari a ciki. Iskar ƙwayar nan mutum ma kayar da shi take yi.

A cikin ɗakin ka yi mata maɓoya. Kwalin taliya daga wurin mai shago ya wadatar, sau da yawa kyauta ake bayarwa. Kwalin sabulu ban yarda da shi ba saboda ƙamshi. Ka huda masa ƙofa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a gefe, domin dabbar da aka taɓa rutsawa ba ta sakewa a wurin da mafitarsa ɗaya ce. In akwai tsohuwar randa da ta tsage, a kwantar da ita a tokare da dutse, ta fi kwali sanyi.

Nan ne wani zai ce, "Malam, ai in ka ba ta wurin ɓuya ka ƙara lalata ta." Akasin haka ne. A wani bincike na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan da aka wallafa a 2014, an gwada wannan a gidan da ake tara kyanwoyin da ba su da masu su. Waɗanda aka ba akwatin ɓuya sun natsu cikin 'yan kwanaki, sauran sai da suka kai wajen mako biyu kafin su kamo su. Wadda ta san tana da wurin komawa ita ke samun ƙarfin halin leƙowa.

Ka cika tsohon baho da yashi don ta riƙa yin kashi da fitsari a ciki, ka ajiye a kusurwar da ta fi nisa da abinci, a riƙa kwashewa kullum. Mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya taɓa abin da ke cikinta.

Wani zai ji nauyin rufe ta saboda hadisin matar da ta shiga wuta a kan kyanwa. Matar nan tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Mai killacewa don jinya yana kai ci da sha safe da yamma ba sahunsu ɗaya ba. Sai dai nauyin yana wuyanka: in za ka kwana a kasuwa, ka bar wa wani amanar kwanon nan.

In ta riga ta maƙale ƙarƙashin rumbu, kada a zungure ta da kara, kada a tura yaro ya jawo ta. A ajiye abinci a bakin wurin, kullum a matsar da kwanon kaɗan zuwa ɗakin. In ta ƙi, kuma kare da ruwan sama ba sa isa wurin, a bar ta nan a yi sauran aikin a bakin rumbun.

Abinci sau biyu ne kuma lokacin kada ya canza: bayan sallar asuba da bayan magariba, lokutan da dama can take farauta. Ruwa kuwa ya kwana ya yini. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da miya ba sa riƙe ta. Ba sai ka sayi kifin gwangwani ba, ya yi tsada yanzu. Kan kifi da gutsattsarin banda da masu kifi ke tarawa ranar kasuwa sun isa, na kusa da Wudil ko Haɗejiya ma ba su da wahalar samu. A jiƙa a ruwan ɗumi a cire ƙaya, ƙamshin shi ke fito da ita. Dafaffen ƙwai ma yana yi. Ban da abin da aka sa wa albasa ko tafarnuwa, suna lalata mata jini, wato ragowar miya da tsire sun fita. Madara kuma, duk da kowa ya ɗauka abincinta ce, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. In ta kai kwana biyu cur ba ta taɓa komai ba ko da dare, a nemi malamin dabbobi, don doguwar yunwa tana taɓa hantar kyanwa.

Zama, inda aikin yake

Kwana biyu ko uku na farko ajiye kwano kawai za ka yi ka ja ƙofa. Da ka ga kwanon na wayar gari wayam, sai ka fara zama. Mutum ɗaya tak, kuma shi ne kullum. In uwar gida ce ke yini a gida ita ta dace, ba maigidan da sai dare yake shigowa ba.

Ka shimfiɗa tabarma kamar taku huɗu daga maɓoyarta, ka zauna ka ba ta gefen jikinka, kada kuma ka tare tsakaninta da kwalin. Tsayuwa a kanta barazana ce, haka ma ƙura mata ido, don a wurin kyanwa mai ƙura ido ko faɗa yake nema ko farauta. Ka zo da abin da zai ɗauke hankalinka daga kanta, ɗinkin hula ko ɓarar gyaɗa ko tsintar shinkafa ko lazimi da murya ƙasa-ƙasa. Na fi son mai murya, saboda tana sabawa da sautinka ba tare da an nufe ta da shi ba. Kira da ƙyasta yatsa duk a ajiye su. In idanunku sun haɗu, ka lumshe naka a hankali, ka buɗe, ka kau da kai. Binciken Jami'ar Sussex ta Ingila da aka wallafa a 2020 ya nuna kyanwa ta fi kusantar baƙon da ya lumshe mata ido haka a kan wanda bai yi ba. Minti 10 zuwa 15 ya isa, ka tashi a hankali. Ka bar mata rigar da ka yini da ita kusa da kwalin, turaren wuta kuma a haƙura da shi a ɗakin.

Ka lura da jikinta. Kunne a kwance baya, baƙin ido ya buɗe ko da akwai haske, jiki a dunƙule, gashin wutsiya ya tashi, tana huci: ka matso da yawa, gobe ka ja tabarmar baya. In kuwa ta yi hamma, ta yi miƙa, ta fara lasar hannu tana wanke fuska a gabanka, ko ta juya maka baya tana cin abinci, gobe ka matso taku ɗaya. Ɗaya, ba biyu ba.

Sai ranar da kowa ke faɗuwa. Kana tsakiyar aikinka za ka ji sanyin hanci a ƙafarka. Ta fito, ta miƙo wuya, ƙafafun baya na can nesa a shirye da gudu, tana shinshina. Nan take tausayi ke kama mutum, hannu ya tafi kanta da kansa, ko yaron da ke leƙe ta jikin ƙofa ya ƙwala, "Inna, ta fito!" Sai wulgawa, sai kuma kwanaki ba ta ko ci a gabanka. Na ga haka a gidaje da dama, kuma kullum ƙarshen zancen shi ne wai kyanwar ba ta da kirki. Ba haka ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Duk abin da ya taɓa cutar da ita, dutse ne ko takalmi ko ruwan zafi, daga sama ya zo, kuma hannu ne ya kawo shi. Shinshinar nan ba neman shafa ba ce. So take ta ga ko za ta iya zuwa ta koma lafiya.

Don haka a ranar nan kada ka yi komai. Kada ka janye ƙafar, kada ka sunkuya, kada ma ka dakatar da abin da kake yi, don shirun kwatsam tana lura da shi. Ta shinshina ta koma. Gobe haka, jibi haka. A ja wa yara kunne tun da wuri, a sa babbar yayarsu ta tsare ƙofa. Yaro in an ba shi nasa aikin, kamar tankaɗe yashi ko tsinto gashin kaza, ya fi jin magana a kan a yi ta korar sa.

Sai ta yi zuwa uku ko huɗu a jere kafin ka gabatar da hannu, shi ma ba don shafa ba. Ka ɗora guntun kifi a bakin dogon kara ka tura shi a ƙasa. Bayan kwana biyu ka gajarta karan, daga nan sai tafin hannu a shimfiɗe a ƙasa. In ta ci a hannunka ba ta zabura ba, ka dunƙule hannun ka bar yatsa ɗaya daidai tsayin hancinta, ka tsaya cak. Ita za ta ƙarasa. In ta goga kumatunta a yatsan, ƙamshinta ta shafa maka, da shi kyanwa ke yi wa abin da ta amince da shi alama. Yanzu ne za ka sosa mata kumatu ko ƙarƙashin haɓa, ka ƙirga uku a zuci, ka janye. In ta turo kai, ka ƙara. In fatar bayanta na motsi ko bakin wutsiya na kaɗawa, ya isa na yau. Ciki da wutsiya da ƙafafu ba a taɓa su, ɗauka kuwa a manta da ita har tsawon watanni. In ta yi huci ko ta kawo mari kada a tsawata mata, a koma matakin baya kawai.

A wannan gaɓar wasa na taimakawa ƙwarai. Ka ɗaure gashin kaza da zare a jikin kara, ka ja shi a ƙasa yana gudunta, ba yana tunkararta ba. Wadda ta daka tsalle ta cafke shi a gabanka ta yi nisa a hanyar warkewa.

Buɗe ƙofa

Da ta fara tarbar ka a bakin ƙofa wutsiya a tsaye, ka bar ƙofar a ɗan buɗe da dare bayan yara sun kwanta, kare a ɗaure, kaji a akurki. Kwali da baho su zauna inda suke. Wadda aka kawo daga wani gari kada a sake ta kafin mako biyu zuwa uku, in ba haka ba hanyar tsohon gida za ta nema. Ranar biki ko suna a mayar da ita ɗakin tun da safe.

Wadda ta taɓa sabawa da mutane kan dawo cikin makonni. Wadda aka haifa a kango, hannun mutum bai taɓa ta ba tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa, lokacin da sabo ke kafuwa, mai yiwuwa ba za ta taɓa hawa cinya ba. Za ta ci, ta kwana a gidan, ta tsare rumbu daga ɓera, amma daga nesa, kuma a karɓe ta a haka.

Da zarar tana yarda da taɓawa, a kira malamin dabbobi ya zo gida, ya fi a sake cusa ta a buhu. Ya yi mata allurar rigakafin haukan kare, ya ba da maganin tsutsar ciki da na ƙuma, a kuma tabbata na kyanwa ne. Wanda ake wanke shanu da shi don kaska, da wasu magungunan ƙuma na kare, suna sa ta karkarwa da farfaɗiya har su kashe ta.